Ciwon da Ba Ya Jiran Ƙaho

Tun da na dawo daga Auyo mutane ke tare ni a ƙofar masallaci da bakin kasuwa, har a wurin zaman makoki, kowa da irin tambayarsa. Wani ya ji an ce hannuna ya shanye, wani ya ji an ce idona ne ya mutu. Wata tsohuwa ma har gida ta zo yi wa iyalina jaje, ta tarar da ni ina cin ɗumame. Na gaji da ba da labari guntu-guntu. Bari in faɗe shi sau ɗaya daga tushe, mai irin ciwon ya tsinci abin da zai amfane shi, wanda tsegumi ya kawo shi kuma ya samu na kaiwa gaba. Sai dai ina gaya muku tun yanzu, ni da abin ya faru a kaina ma ban gama gane shi ba.

Sunana Idi, wanzami ne ni a nan Haɗeja, ɗan wanzami kuma jikan wanzami. Samari sun koma shagon masu inji, Allah ya ba su sa'a, amma kan dattawa da ƙaho da askin jarirai ranar suna har gobe a hannunmu suke. Ba ni da dukiya, ba ni da karatu mai zurfi. Abin taƙamata guda ne, hannuna ba ya rawa. In na ɗora wa mutum aska, gyangyaɗi yake yi.

Da bazara abin ya fara, ranar kasuwa, ana irin zafin nan da ke sa ɗanyen kifi ya juya kafin a gama ciniki. Ina yi wa Alhaji Bukar aski, wani dillalin bandar kifi da ya daɗe yana kawo mini kansa. Na zo bayan kunnensa ke nan sai na ji an caka mini wani abu a saman kunnena na dama, kamar tsinken tsire da aka zaro daga wuta. Kafin in ce wash, ya tafi. Ba jiri, ba saura, ba komai. Har waiwayawa na yi in ga wanda ya jefe ni, ban ga kowa ba sai wata akuya tana cin ɓawon mangwaro. Da na dawo da idona kan aiki sai ga jini yana bin wuyan Alhaji.

“Wanzam, yau har da kunnen za ka haɗa?” in ji shi, yana dariya yana dafe wurin.

Na ce shi ne ya motsa. Ya ce bai motsa ba. Na ce to ƙuda ne. Yankan bai fi ƙwayar shinkafa ba, amma na yini ina ganinsa a idona.

Ba kunnen Alhaji ne ya tayar mini da hankali ba. ’Yata ta fari, wadda muke kira Ladi, don sunanta na yanka ban taɓa kama shi da bakina ba, tana aure a wani ƙauye gaba da Auyo, kuma a lokacin tana da cikin fari. A gidanmu akwai abin da muka gada: ɗan fari kakansa wanzami ke yi masa askin suna, da wata tsohuwar aska mai ƙotar ƙahon rago da ba a fito da ita sai irin ranar. Da ita mahaifina ya aske Ladi, ni ina laɓe a zaure saboda kunyar ’yar fari. Tun ranar nake jiran abin ya zagayo kaina. Kan jariri kuwa ba kan Alhaji Bukar ba ne. Fatarsa ba ta fi ɓawon albasa kauri ba, ga maɗiga a tsakiya tana bugawa, kuma ba ya gaya maka in zai motsa.

Da farko ɓoyewa na yi, kuma ciwon ba shi da wuyar ɓoyo. Sai ya yi kwanaki bai leƙo ba, har in ce ya tafi, sannan rana guda ya yi ta zuwa kamar mai karɓar haraji. Yau gefen dama, gobe ƙeya, jibi bayan ido. Ya same ni a sujada, ya same ni a teburin mai shayi. Na sayi ƙwayar ciwon kai a kemis, amma kafin in yaga takardar ya riga ya wuce, sai in tsaya da ƙwaya a tafin hannu ina tambayar kaina wa zan sha wa ita. Wani lokaci har shakka nake ko ma ya zo ɗin, ko tsoronsa ne kawai ya gifta.

Maiɗakina Hadiza ce ta kama ni, muna cin tuwon dare.

“Malam, lafiya ka tsaya da loma a hannu kamar wanda aka kira daga waje?”

“Lafiya lau.”

“Tun kafin ka yi furfura nake zuba maka tuwo. Ban taɓa ganin ka runtse ido ɗaya a kan miyar kuɓewa ba.”

Na gaya mata. Ba ta tsaya dogon zance ba, ta ce asibiti. Ni kuma na ce Allah ya kiyaye, mutumin da gari guda ke kawo wa ciwon kai, shi ne zai je ya zauna a benci ya ce kansa na ciwo? Ƙaho zan yi. Sai dai ba a Haɗeja ba, don kafin a cire ƙahon farko labari ya kai kasuwar kifi.

Na hau babur na tafi Auyo wurin Garba. Garba a hannun mahaifina ya koyi wanzanci, tare muka yi askin koyo a kan juna har muka cika kawunanmu da tabo. Shi ne kuma wanzamin gidan mijin Ladi, wato a ƙa'ida askin sunan nasa ne. Amma da ya ji cikin ya tsaya, shi da kansa ya aiko mini cewa ranar shi mai riƙe ƙwaryar ruwa ne, aska tawa ce.

An ce wanzami ba ya son jarfa, ranar na tabbatar. Ina zaune a tabarmarsa zufa na karyo mini kamar yaron da za a yi wa kaciya.

“Yaya Idi, ina ne wurin?”

Na nuna masa saman kunnen dama. Ya jiƙa, ya aske wurin, ya ɗauko ƙaho.

“Tsaya,” na ce. “Jiya a ƙeya ya yi.”

Ya koma ƙeya.

“Da safen nan kuma bayan idon hagu.”

Ya ajiye ƙahon a cinyarsa ya dube ni. “Yaya Idi, kai da bakinka ka koya mini ana kafa ƙaho inda ciwo ya kwanta. Naka ba ya kwanciya. Ko in ɗauki ƙahon in bi shi da gudu?”

Muka yi dariya, amma tawa ba ta kai ciki ba. Ya kafa a ƙeya, ya kafa a gefe da gefe, jini ya fito baƙi ƙirin, na ji kaina sakayau. Na yi masa godiya na hau babur ina cewa an gama. Muna tsakiyar fadama, daidai inda ake gyaran gonakin shinkafa, sai na ji caka a tsakiyar kai, wurin da ƙaho bai taɓa ba.

Daga nan gida ya cika da likitoci. Yayata Zuwai ce ta fara zuwa, ta zauna ta miƙe ƙafa ta sa na maimaita mata komai.

“Ka ce kamar allura?”

“Kamar allura, Yaya.”

“Ba ka ga mai sukar ba?”

“Ban gani ba.”

“To me kake nema kuma? Jifa ce.” Ta rage murya. “Jinin da Garba ya zuƙe maka, ka ga inda ya binne shi?”

Ban gani ba. Ni in na yi wa mutum ƙaho a gaban idonsa nake turbuɗe jinin, amma a wurin Garba ko tunanin dubawa ban yi ba.

“Idi, ka girma ba wayo. Wa zai yi askin sunan in hannunka ya lalace? Ka kai masa jininka da ƙafarka, har da godiya.”

Na yi mata faɗa sosai, na ce ciwon ya riga ƙahon zuwa, ta ce ai shi ne ya jawo ni can. Ta tafi tana mita. Amma magana zarar bunu ce. Ban yarda da ita ba, wallahi ban yarda ba, duk da haka sai na ga na daina ɗaukar wayar Garba. In ta yi ƙara na ga shi ne, sai in kifa ta, raina ya ɓaci, ban san ko da shi nake fushi ba ko da kaina.

Bayan Yaya sai sauran. Maƙwabcina ya ce hawan jini ne, in bar gishiri. Limamin unguwarmu ya ba ni rubutu, wannan kam na sha da zuciya ɗaya. Wani ya ce haƙori ne yake harbawa sama, wani ya ce goro ne, wata ta ce iskokin kogi ne don ina ratsa gada da tsakar rana. Aka turara ni da hayaƙi har gashin bakina ya yi ƙauri. Kaina ya zama gonar gayya, kowa ya zo da fartanyarsa. Na gode musu, don duk wanda ya zo ƙauna ce ta kawo shi, amma babu wanda ya tafi bai bar ni da ruɗu fiye da yadda ya same ni ba.

Abin da ya kai ni asibiti shi ne haihuwar da aka yi a gidan maƙwabcin nan nawa. Aka aiko in zo askin suna. Na ce a ce na yi tafiya, na shige ɗaki na ja ƙofa, ina jin guɗar mata ta kan katanga, ina jin muryar wani wanzamin da aka ɗauko daga wata unguwa. Da la'asar Hadiza ta turo ƙofar ta tsaya a kaina.

“Yau ka ɓuya wa ɗan maƙwabci. Ranar sunan jikanka, Malam, a wane ɗakin za ka ɓuya?”

Washegari bayan sallar asuba muna layin kati.

Damina ta fara sauka, asibiti cike da yara masu zazzaɓi. Wanda ke damana fartanya ta sare shi a ƙafa, ta haguna tana riƙe da ɗa jikinsa kamar garwashi. Ni kuwa ga ni garau da hula da zabira. Mai saran fartanya ya tambaye ni me ke damuna, na ce ciwon kai. Ya ce yanzu yana yi? Na ce a'a. Ya ce jiya fa? Na ce ya yi, amma bai kai a ce bismilla ba. Ya dube ni sama da ƙasa ya juya mini ƙeya. Rana ta take sosai kafin a kira ni, kuma duk zaman nan addu'a ɗaya nake yi, wadda ban taɓa zaton zan yi ba: Allah ka kawo ciwon nan a gaban likita. Bai zo ba. Sai da muka fito bakin ƙofar asibiti ina sayen ruwa ya soke ni.

Likitar mace ce, ba za ta girmi Ladi da yawa ba. Allah ya saka mata da alheri, ba ta yi mini kallon mai saran fartanya ba. Ta haska mini ido da ’yar tocila, ta sa na matse yatsunta, ta sa na yi tafiya a ɗaki, ta gwada jinina ta ce bai hau ba. Ta tambayi ko idon na hawaye, ko ina amai, ko hannu na mutuwa, duk na ce a'a. Sannan ta ce tunda da girma ya fara mini, tana son a ɗauki hoton cikin kan a Kano don hankali ya kwanta. Hankalinta take nufi, don nawa tashi ya yi. Tunkiyar Hadiza ta tafi a kuɗin mota da na hoto, wadda take kiwo don hidimar jego.

Da na kawo sakamakon ta ɗaga shi a haske, ta yi murmushi.

“Baba, albishirinka. Babu komai.”

“Babu komai?”

“Kanka lafiya lau.”

“To tunkiyar fa?” Abin da ya fito daga bakina ke nan. Ya kamata in yi hamdala, kuma na yi daga baya, amma a lokacin haushi na ji. An soke ni wata da watanni, an zura kaina cikin inji mai kama da bakin rijiya, a ce babu komai.

Ta ce ciwon yana da suna, ta faɗe shi da Turanci ya bi iska, ta ce ma'anarsa dai sukar kai. Maganarta guda ta zauna mini: “Shi kaɗai ne, Baba, ba ɗan aiken wani ciwon ba ne. Ba ya kisa, ba ya shanye jiki.” Na ce to me ke kawo shi? Ta ce su ma ba su gama sani ba. Kun ji inda na ƙara shiga duhu. Wadda ta yi karatun ta ce ba ta sani ba, Yaya Zuwai da ko alif ba ta kai ba ta sani sarai, har da sunan mai aikin.

Ta rubuta mini magani iri biyu, wani kafso da wata ’yar ƙwaya ta kare ciki. Ta ce kullum, da abinci, ko ciwon ya zo ko bai zo ba. Na ce to. Irin “to” ɗin da muke ce wa likita, kunne ɗaya yana ji ɗayan yana bakin ƙofa.

A gida Hadiza ta zazzage ledar a faifai, ta ɗauki kafson ta juya shi, ta yi salati.

“Malam, wannan ai shi ne wanda matan unguwa ke barbaɗawa a kan kifi su kashe ɓera.”

Na ce kama ce. Ta aika gidan maƙwabta aka kawo nasu, muka jera, ko uwa ɗaya ta haife su sai haka. Yaya Zuwai da labari ya kai mata cewa ta yi, “Shi ke nan, wancan ya jefa, waɗannan za su ƙarasa.”

Sai na zauna na yanke wa kaina hukunci irin na wanzamai. Wa ya taɓa yin sakiya inda babu kumburi? Abin da ke kashe ɓera ba zan sha shi kullum ina lafiya ba, zan sha ne in ciwon ya zo. Ƙwayar ciki kuwa na ajiye ta, tunda cikina bai kai ƙarar kowa ba. Na zuba kafso a zabira tare da asake. In ya soke ni, in jefa ɗaya, ko da ruwan leda, ko a kan goro, ko cikina wayam tun safe. Ranar da bai zo ba ban sha ba, ranar da ya yi ta zuwa na yi ta jefawa. Da yake kafin in haɗiye ciwon ya tafi, sai in ce kai, maganin nan akwai aiki. In ya dawo an jima in tsine masa. Haka na yi ta yabo da tsinuwa a yini ɗaya.

Ba a daɗe ba cikina ya ɗauki wuta. Daga ƙahon zuci har maƙogwaro kamar na haɗiyi barkono, ko koko na sha sai ya tsaya. Ran wata kasuwa na bar mutum da rabin aski na zagaya bayan rumfa na yi ta amai. Muka koma asibiti. Wannan karon Hadiza ba ta tsaya a benci ba, ta bi ni har ɗakin likita, ta kwance mini zani a kasuwa, har zancen ɓera ba ta rage ba.

Likita ta dafe kai. A makon ne kogi ya fara cika, matasa sun fito suna ɗura ƙasa a buhu suna ƙara wa jingar da ke tare ruwa tsawo.

“Baba, da za ku zo kun ga mutane a kan jinga?”

“Mun gani.”

“Ruwa ya shigo gari?”

“Bai shigo ba, Allah ya kiyaye.”

“To wahalar me suke yi?”

Na ce don kada ya shigo.

“Maganin nan jinga ce. Kai kuma ka mai da shi kwale-kwale, sai ruwa ya ci gida kake nemansa. Ciwon da ke tafiya kafin ka buɗe baki, wane magani ne zai cim masa a hanya?”

Na ce zancen ɓera fa? Ta ce gaskiya ne, yana kashe ɓera, don ɓera ba shi da mai auna masa. “Kai ma hanyar ɓeran ka ɗauko.” Hadiza ta yi dariya a cikin mayafi, ni ban ga abin dariya ba.

Ta hana ni kafson ɗungum sai da ciki ya lafa, sannan aka sake farawa da kaɗan, a tsakiyar abinci, tare da ƙwayar cikin, kuma ledar a hannun Hadiza. A zuwan da aka sake farawar ne na yi mata tambayar da ta kawo ni tun farko. Na gaya mata zancen Ladi da askar gado.

“In na ɗora aska a kan yaron, zai zo?”

“Ba zan yi maka alƙawarin abin da ba a hannuna yake ba. Zai ragu, in Allah ya so. Wasu ma yakan ɗauke musu gaba ɗaya.”

“To yaya zan gane ya ɗauke, ba laɓewa ya yi ba?”

Ta ce, “Sai dai a jira, Baba.”

Na saba da maganin da ake ganin aikinsa. Ƙaho ya ja jini ka gani, sakiya ta fidda mugunya ka gani. Wannan kuwa aikinsa shi ne kada komai ya faru, to ta ina zan san shi ne ya yi? Hadiza ba ta shiga wannan lissafin ba. Kullum za ta ɗora kafson a kan faifan da ta rufe tuwo, ta tsaya sai na kai rabin malmala na haɗiye, wani lokaci har ta ce in buɗe baki ta gani, ni da furfurata. Kuma ciwon ya ragu, ba zan ci haƙƙinsa ba. Sai dai a tsakanin nan Yaya ta sa an ɗinka mini laya a cikin hula, zafi ya wuce, na bar goro, rubutun liman kuma ban fasa ba. Kowa ya zo ya karɓi godiyarsa, na ba shi. Na koma kan dattawa, hannuna lafiya lau. Na yi dogon hutu har na fara mantawa, sai wata rana ina alwala ya ɗan taɓa ni a ƙeya, taɓawa kawai, kamar mai cewa ina nan. Daga nan ya sake yin shiru.

Ladi ta sauka ruwa yana tsakiyar cika, ta samu ɗa namiji. Ranar suna babur ya kai mu iyakar inda hanya ta nutse, muka shiga kwale-kwale muna ratsa ciyawar kacala da gonakin da ruwa ya shanye. Askar gado tana zabira, na wasa ta har tana aske gashin hannu ba a danna ba. Na ci ɗumame na sha kafsona tun a gida. Hadiza ta yi ta satar kallona a cikin jirgin.

Aka raɗa suna, aka yanka rago, aka ce wanzami ya shigo cikin gida. Tsohuwar da ta karɓi haihuwar tana zaune a tabarma da yaron a cinya, mata sun kewaye. Labulen ɗakin mai jego yana motsi, na san Ladi na bayansa. Ga Garba a tsugune da ƙwaryar ruwan ɗumi da sabulu, kamar yadda ya ce, mutumin da na yi watanni ina kifa wayarsa. Ya matso ya ce a hankali, yadda ba mai ji, “Yaya Idi, ya jikin?” A nan na gane ko matarsa bai gaya wa zancen ciwona ba.

Na yi bismilla na jiƙa sumar. Laushinta kamar audugar rimi. Na ɗora babban yatsa na ji maɗigar tana bugawa a ƙarƙashinsa. Na zaro askar, na goga ta a tafin hannu. Hannuna tsaye yake cak, ko ɗis bai yi rawa ba. Kaina shiru. Na kai bakin askar dab da fatar, sai na lura da wani abu: ba kan yaron nake kallo ba, nawa nake saurare. Ina laluben gefen dama, ina laluben ƙeya, ina jiran in ji ta ina zai ɓullo. Tun ina yaro mahaifina bai taɓa barin in ɗauki aska hankalina na wani wuri ba.

Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Na dai ji wata mata ta ce, “Baba Wanzam addu'a yake yi.”

Na juya askar, na miƙa wa Garba ta wajen ƙota.

“Karɓi. Askar Baba ce, ka san ta.”

“Yaya Idi…”

“Karɓi kafin ruwan ya huce.”

Ƙus-ƙus ya tashi a tsakar gidan, a gaban surukaina, a garin mutane. Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba. Don kada in tashi in fita da ita, sai na ce wa tsohuwar, “Iya, ba ni shi nan.” Ta yi turus, don namiji ba ya wannan zaman, amma ta miƙo shi. Na zauna a tabarma na tallafe kansa a tafin hannuna. Wata ta ce yau kaka ya zama ungozoma, aka yi dariya, guɗa ta biyo baya. Garba ya sunkuya ya fara. Yadda yake kwantar da askar, yadda yake zagaye maɗiga, hannun mahaifina sak. Yaron ko farkawa bai yi ba.

Daga nan na zauna jira. Na jira ciwon ya zo ya wanke ni, ko sau ɗaya, in ce kun gani, da yanzu fa? Na jira ana rabon nama, na jira a sallar azahar, na jira a cikin kwale-kwale. Bai zo ba. Duk makon bai zo ba. A hanyar dawowar, muna tsakiyar ruwa, Hadiza ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Yarinyar nan ta ce ba ta taɓa ganinka riƙe da jariri ba. Ta ce ta labule take leƙe, tana ta kuka.” Na ce mata ta kula da zaninta, ruwa na shigowa ta gefen nan.

Yaya Zuwai ta ce ai ga shi nan, burin Garba ya cika, shi ya sa ciwon ya sake ni. Likita da na ba ta labari ta ce na yi daidai, sannan ta ƙara da cewa da na yi askin ma wataƙila da lafiya lau za a gama. Garba ya naɗe askar a tsummanta ya kawo mini har gida da rabona na nama, bai tambaye ni zancen waya ba, ni kuma ban iya kallon idonsa sosai ba sai da muka ci tuwo tare.

Don haka mai irin wannan sukar, ka je a duba ka, ko da za a yi maka kallon mai ƙarya a benci. In an ce kullum, to kullum ake nufi, kuma da abinci, kada ka bi hanyar da na bi. Kada kuma ka bari a raba ka da ɗan'uwanka a kan ciwon da ba wanda ya ga ƙeyarsa. In kuwa tambayarku ita ce ko na warke, ko maganin ne, ko layar ce, ko da na daure da na aske jikana da hannuna kamar yadda ubana ya yi, wallahi ban sani ba, kuma na fara zaton ba zan taɓa sani ba.

Shekaranjiya dai aka kawo mini jikan nawa yawon arba'in. Na zare masa ’yar hularsa, na shafa kan tun daga goshi har ƙeya, na sake shafawa. Babu tabo ko ɗaya.